Tambayi Likita: Ina Kwana da Na'urar Numfashi, Amma Gyangyaɗin Rana Bai Sake Ni Ba

Tambaya ta farko

Assalamu alaikum Likita. Ni magidanci ne mai shekara 53, ina zaune a Aboabo a birnin Kumasi, ina sayar da kayan gyaran mota a Suame Magazine. Na yi shekaru ina minshari mai ƙarfi, har maiɗakina takan girgiza ni cikin dare saboda ta ga numfashina ya tsaya. Bara aka yi mini gwajin barci a Accra, aka ce numfashina yana ɗaukewa ko ya ragu sau 41 a kowace awa, aka ce in nemi na'urar CPAP, wadda ke tura wa mutum iska ta hanci yana barci. Ƙanena da ke Jamus ya aiko mini da wadda wani abokinsa ya taɓa amfani da ita, yau wata takwas ke nan ina kwana da ita. Minshari ya tsaya, maiɗakina ta samu barci, amma ni har yanzu ina gyangyaɗi a shago bayan Azahar, ina gyangyaɗi a masallaci liman na huɗuba, kuma sau biyu ke nan idona ya rufe ina tuƙi a hanyar Accra, wadda nake bi sau biyu a wata don ɗauko kaya. Nakan kwanta wajen ƙarfe 12 na dare bayan hira da shan ataya, in tashi ƙarfe 4:15 don sallar Asuba, idan na dawo in ɗan koma barci har ƙarfe 7 ba tare da na'urar ba. Allonta yana nuna mini awa huɗu, kuma an ce mini awa huɗu sun isa. Ina shan maganin hawan jini, kuma ina shan Piriton da dare saboda mura. Wasu 'yan'uwa sun fara cewa hannu aka sa mini, ƙanena kuma ya ce akwai ƙwayar da ke hana barci, zai aiko mini. Na'urar ce ta lalace, ko kuwa mene ne?

Alhaji, daga Aboabo, Kumasi

Amsa

Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Zan fara da maganar da ba za ta jira ba, wato tuƙi, kafin mu zo kan na'ura. Mutumin da idonsa ya rufe sau biyu a bayan sitiyari ya riga ya samu gargaɗi, kuma ina roƙonka da girman Allah ka dakatar da tuƙa kanka zuwa Accra har sai an warware wannan matsala. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kimanin mita 22 a kowace daƙiƙa, saboda haka idan barci ya sace ka na daƙiƙa huɗu kacal, motar ta yi tafiyar kusan mita 90 babu mai riƙe da ita, a hanyar da manyan motoci ke fitowa gaba da gaba tsakanin Konongo da Nkawkaw. Hausawa sun ce barci ɓarawo ne, kuma irin wannan gajeren barcin ba ya sallama, sau da yawa mai shi ma ba ya sanin ya yi shi. Sauke gilashi, ƙara sautin rediyo ko tauna goro ba sa hana shi. Ka shiga bas, ko ka ɗauki ɗaya daga cikin yaran shago da ya iya tuƙi ya kai ka. Kuɗin da za ka kashe a kan hakan bai kai komai ba idan aka gwada shi da ranka da rayukan waɗanda za ka haɗu da su a hanya.

Game da na'urar, ban ga alamar ta lalace ba tukuna, tunda minshari ya tsaya. Abin da na gani a wasiƙarka shi ne lissafin awoyi. Kana kwanciya ƙarfe 12, ka tashi 4:15, ka koma daga wajen 5:30 zuwa 7, wato duka barcinka bai wuce awa biyar da rabi ko ɗan sama da haka ba, alhali babban mutum yana bukatar awa bakwai ko fiye a kowane dare. Ko mutumin da maƙogwaronsa lafiya lau yake, idan ya yi wata takwas yana barcin awa biyar da rabi, zai yi gyangyaɗi a huɗuba. Na'urar CPAP tana buɗe hanyar iska ne kawai, ba ta iya biya maka bashin barcin da ba ka yi ba.

Maganar cewa awa huɗu sun isa tana da asali, amma an ɗauke ta daga inda take an kai ta inda ba ta dace ba. Hukumomin inshorar lafiya a Amurka ne suka ɗauki awa huɗu a dare, a kashi 70 cikin 100 na darare, a matsayin ma'aunin da za su gane ko majinyaci yana amfani da na'urar har su ci gaba da biyan kuɗinta. Ma'aunin biyan kuɗi ne, kuma binciken likitoci ya nuna cewa amfanin na'urar yana ƙaruwa da ƙaruwar awoyi, har mutane da yawa ba sa komawa cikakken kuzarinsu na rana sai sun kai awa shida zuwa bakwai da ita. Dalilin yana cikin yadda na'urar take aiki. Tun da Farfesa Colin Sullivan ya fito da ita a birnin Sidni na Ostareliya a 1981, dabarar ba ta canja ba: iska ce ake turawa da ɗan ƙarfi ta takunkumin da ake ɗaurawa a hanci don ta tokare naman maƙogwaro kada ya rufta idan jiki ya saki. Da zarar an cire takunkumin, tokarin ya tafi, maƙogwaro ya koma yadda yake, kuma kai da aka ƙirga maka 41 a awa kana cikin rukuni mafi tsanani, domin daga 30 zuwa sama ake kiran cutar mai tsanani.

A nan ne barcinka na bayan Asuba ya fi damuna, kuma abu ne da nake yawan gani a wurin mutanenmu na Zango, wanda littattafan Turawa ba su cika magana a kansa ba saboda su barcinsu a haɗe yake. Barci yana da matakai, kuma matakin da ake yin mafarki a cikinsa ya fi yawa a ƙarshen dare da goshin safiya. A wannan matakin ne tsokokin jiki suke saki gaba ɗaya, shi ya sa ɗaukewar numfashi ta fi tsawo a cikinsa, iskar da ke cikin jini kuma ta fi faɗuwa. Ke nan kana sa na'urar a sashen dare mai sauƙi, sannan ka ajiye ta daidai lokacin da aka fi bukatarta. Wannan awa ɗaya da rabi da kake yi ba takunkumi tana iya ɗauke da tsayawar numfashi kusan sittin, kowace tana fizgo ƙwaƙwalwa daga barci ba tare da ka sani ba, sai ka tashi ƙarfe 7 da nauyin kai kamar wanda bai kwanta ba. Idan ka dawo daga masallaci ka mayar da takunkumin kafin ka kwanta. Haka za ka yi idan za ka yi ƙailula da rana, haka kuma a watan azumi bayan sahur, ko da barcin na minti talatin ne.

Sai hira da ataya. Na san zaman majalisa bayan Isha ba shayi kawai ake sha a cikinsa ba, a nan ake jin labarin 'yan'uwa, a nan ake ƙulla ciniki, kuma ba zan ce ka yanke zumunci ba. Amma ganyen ataya yana ɗauke da sinadarin kafeyin, irin wanda ke cikin kofi da goro, kuma jiki yana ɗaukar kimanin awa biyar kafin ya fitar da rabinsa. Kofin da ka sha ƙarfe 11 rabinsa yana nan cikin jininka lokacin da ladan ya kira sallah. Mai cutar irin taka yakan yi barci da zarar ya kwanta ko ya sha ataya, saboda gajiya ta yi masa yawa, sai ya ɗauka shayin bai yi masa komai ba, alhali ya hana barcin yin zurfi. Ka mayar da shan atayarka zuwa kafin La'asar, ka yi sallama da majalisa da wuri, ka kwanta ƙarfe 10. Daga 10 zuwa 4:15 awa shida ne da kwata, idan ka haɗa da na bayan Asuba ka haura bakwai, kuma dukansu da na'ura.

Yanzu ga abin da ya shafi na'urar kanta. Ka ce wani ya taɓa amfani da ita, kuma ban ga inda ka ce likita ya saita maka ita ba. Ƙarfin iskar CPAP ana auna shi daga 4 zuwa 20, kowane mutum da adadin da ke buɗe masa maƙogwaro, gwargwadon ƙibarsa da ƙirar wuyansa da haɓarsa. Idan an bar ta a kan adadin mai ita na farko, tana iya kashe ƙarar minshari amma ta bar hanyar iska a matse, numfashi yana raguwa kana farkawa a ɓoye. Yawancin na'urorin zamani suna ajiye bayani a allo ko a ɗan katin da ke gefensu: awoyin da aka yi, yawan iskar da ta zurare, da adadin ɗaukewar numfashin da ya rage a kowace awa. Wannan adadi na ƙarshe ana son ya sauko ƙasa da 5. Ka ɗauki na'urar gaba ɗaya, da takunkumin da tiyon, ka kai wa likitan da ya yi maka gwaji, ko ka nemi a tura ka wurin likitan ƙirji ko na kunne da hanci da maƙogwaro a asibitin koyarwa na Komfo Anokye, a karanta bayanin a gabanka. Ka kuma duba sunan kamfanin da ya ƙera ta. A watan Yunin 2021 kamfanin Philips ya janye wasu na'urorinsa, ciki har da DreamStation na farko, saboda soson rage ƙara da ke cikinsu yana iya rududdugewa ya bi iska, kuma zafi da laima suna hanzarta hakan. Tsofaffin na'urori da ake aikowa daga waje suna bukatar a tabbatar ba sa cikin waɗanda aka janye.

Zurarewar iska kuma matsala ce da ake raina ta. Idan kana da gemu da saje kuma takunkuminka mai rufe hanci da baki ne, da wuya ya zauna daram, iska za ta riƙa fita ta gefe, ƙarfin da ya kamata ya isa maƙogwaro ya ragu. Akwai ƙaramin nau'i mai shiga ƙofofin hanci kawai, wanda gemu ba ya hana shi zama. Man kaɗanya ko basilin da aka shafa a fuska kafin kwanciya yana sa robar ta riƙa zamewa kuma yana lalata ta da wuri, ita kuma robar dama takan saki bayan wasu watanni, sai an sauya. Idan kana tashi da bushewar baki, mai yiwuwa bakinka yana buɗewa cikin barci iskar tana fita ta nan, kuma akwai maɗaurin haɓa da ake sa wa don hakan. Tambayi Hajiya, ita ce ta fi kowa sanin ko tana jin huci cikin dare.

Murar da ka ambata ina zargin tana da alaƙa da na'urar. Busasshiyar iska da ke bi ta hanci awa da awa tana sa shi toshewa da yoyo, kuma abin ya fi tsanani a lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ƙura ke cika matatar da ke bayan na'urar cikin 'yan kwanaki. Ka riƙa duba matatar, ka yi amfani da tankin ruwan da ke jiƙa iska idan na'urarka tana da shi, ka wanke takunkumi da tiyo da ruwa da sabulu marar ƙamshi. Shi kuwa Piriton yana daga cikin tsofaffin magungunan mura masu sa barci, kuma nauyinsa yakan kai har washegari, don haka yana iya zama ɗaya daga cikin masu sa ka gyangyaɗi. Akwai waɗanda ba su cika sa barci ba, irin su loratadine, da magungunan fesawa a hanci, likitanka zai zaɓa maka. Ba ka faɗi sunan maganin hawan jininka ba. Wasu, kamar methyldopa, suna kawo kasala da barci, amma kada ka daina shan sa da kanka, ka kai kwalin a duba. Idan kuma kana shan tramadol ko maganin tari mai kodin saboda ciwon baya ko wani abu, ka faɗa wa likita ba tare da jin nauyi ba, domin waɗannan suna rage numfashi daga ƙwaƙwalwa, irin ɗaukewar da CPAP ba ta gyarawa sosai.

Ban manta da dumsor ba, wato yawan ɗauke wutar lantarki. Daren da aka ɗauke wuta dare ne da ba a yi maganin ba, kuma gyangyaɗi yakan dawo tun washegari. Idan da hali, ka nemi batir ko inbata da zai riƙe na'urar, kuma kashe mai ɗumama ruwan yana sa batirin ya daɗe. Idan babu, ka cire takunkumin ka kwanta a gefe, kanka a ɗage, kada ka yi rigingine, sannan ka ɗauki washegarin a matsayin ranar da ba za ka yi doguwar tafiya da mota ba.

Maganar hannu da 'yan'uwa suke yi, na san ƙauna ce ta sa su damuwa, kuma addu'a ba ta taɓa hana magani aiki ba, ka ci gaba da yin ta. Sai dai abin da ka rubuto ya riga ya bayyana kansa: barcin awa biyar da rabi, awa ɗaya da rabi a ciki babu na'ura, ataya da tsakar dare, da maganin mura mai sa barci. Wasu kuma da sun ji an ce barcin rana sai su tuna da ciwon barcin da ƙudan tsando ke kawowa. Wannan cuta ce dabam, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Ghana ta kawar da ita a matsayin barazana ga lafiyar jama'a. Ka gyara waɗannan abubuwa na tsawon wata guda zuwa biyu kana rubuta lokacin kwanciya da na tashi a ɗan littafi. Idan ka samu rage ƙiba ma zai taimaka, domin wani dogon bincike a jihar Wiskonsin ta Amurka ya nuna cewa raguwar kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki tana rage ɗaukewar numfashi da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙwayar da ƙanenka ya ambata kuwa, ka ce masa ya dakata, bayaninta yana cikin amsar da ke biye.

Tambaya ta biyu

Likita, barka da aiki. Ni malamar makaranta ce a Nima, Accra, shekarata 44. Shekara guda ke nan ina amfani da CPAP, ina kwana da ita awa bakwai, kuma likitana ya ce adadin ɗaukewar numfashina ya sauko zuwa 2 a awa. Duk da haka ina tashi a gajiye, ina gyangyaɗi a motar haya ta trotro da kuma lokacin da nake duba littattafan yara, har abokan aiki sun fara yi mini kallon malalaciya. Jinin al'adata yana zuba da yawa shekara biyu ke nan, kuma da dare ƙafafuna suna yi mini kamar kiyashi na yawo a ciki, sai na motsa su nake jin sauƙi. Ina shan ƙwayar tsarin iyali. Na ji labarin wani magani mai suna modafinil, shin zan iya sha?

Malama, daga Nima, Accra

Amsa

Malama, sannu da haƙuri. Ke kin yi duk abin da aka ce ki yi, kuma na san zafin a ce mutum yana fama da jikinsa ana kiransa malalaci. Abin da ke damunki yana da suna a likitance kuma ana bincikensa.

Abubuwa biyu da kika ambata a ƙarshen wasiƙarki, kamar ba su da muhimmanci, su ne suka fi ɗaukar hankalina, domin ina ganin igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Zubar jini mai yawa wata bayan wata tana ƙarar da sinadarin ƙarfe da jiki ke ajiyewa, ƙarancinsa kuma yana kawo kasala tun kafin gwajin jini na yau da kullum ya nuna jini ya yi ƙasa. Wannan ƙarancin dai shi ne ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon rashin natsuwar ƙafa, wanda alamarsa ita ce wadda kika kwatanta: yana zuwa da dare, idan an zauna ko an kwanta, kuma motsi yana lafar da shi. Yawancin masu shi ƙafafunsu suna ci gaba da zabura cikin barci a kai a kai, kowace zabura tana iya katse barcin na ɗan lokaci. Na'urarki ba ta ganin wannan, numfashi kawai take ƙirgawa, shi ya sa za ta nuna 2 a awa alhali barcin a tsattsage yake. Ki nemi a auna miki feritin, wato ma'aunin ajiyar ƙarfe, tare da cikakken gwajin jini. Ga mai wannan ciwon ƙafa likitoci suna ba da maganin ƙarfe idan feritin bai wuce 75 ba, ko da takardar ɗakin gwaji ta ce yana cikin iyaka. Ki kuma ga likitan mata a duba dalilin zubar jinin, domin ƙarin mahaifa da ake kira faibroid ya yawaita a tsakanin matanmu a irin shekarunki, kuma idan ba a tsayar da zubar ba, abin da aka zuba ta sama zai ci gaba da fita ta ƙasa. Idan an ba ki maganin ƙarfe kada ki haɗa shi da shayi, shayi yana hana hanji tsotse shi.

A zama ɗaya za a iya auna sukari da aikin ƙwayar tayirod da ke wuya, wadda idan ta yi sanyi takan kawo barci, jin sanyi, ƙarin ƙiba da bushewar fata. Zan kuma tambaye ki abin da ba a cika tambaya ba: yaya zuciyarki take? Ciwon damuwa yakan zo wa mata da yawa a siffar gajiya da nauyin jiki, ba lallai da kuka ba, kuma yana da magani. Yana da kyau ki bambance wa likita tsakanin gajiya da barci, wato ko jiki ne ba ya son motsi, ko kuwa ido ne ke rufewa da kansa. Akwai ma'aunin Epworth, wanda Dakta Murray Johns ya tsara a Melbon a 1991, mai tambayoyi takwas a kan yiwuwar gyangyaɗi a yanayi kamar karatu, kallon talabijin, zama a mota na awa guda ko hira da wani. Kowace tambaya tana da maki 0 zuwa 3, jimla 24, kuma abin da ya haura 10 ana ɗaukarsa barci ne fiye da kima. Idan makinki ya yi sama sosai, ko kina jin gwiwoyinki sun saki idan kika yi dariya, ko barcin ya faro tun kina budurwa, to sai a yi tunanin nakolefsi, cutar da ke sa barci ya riƙa kama mutum farat ɗaya da rana, wadda ake ganowa da gwajin da ake ba mutum damar kwanciya sau huɗu ko biyar da rana, awa biyu tsakani, ana auna saurin shigarsa barci.

Bayan an kawar da duk waɗannan, akwai mutanen da barcin rana yake saura musu duk da na'urar tana aiki daidai. Wani bincike da aka yi a Faransa a kan masu amfani da CPAP ya samu kimanin kashi 12 cikin 100 suna da saura, da aka cire masu wasu dalilai kamar damuwa da ciwon ƙafa sai adadin ya koma kimanin kashi 6. Ana ganin shekarun da aka yi iskar jini tana faɗuwa tana tashi kafin a fara magani suna iya raunana ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu riƙe mutum a farke, kuma gwaje-gwaje a kan ɓeraye sun nuna hakan. Waɗannan mutane ne aka yi wa magungunan farkarwa, kuma ana shan su ne tare da na'urar, domin ba sa buɗe maƙogwaro ko kaɗan. Wanda ya sha ƙwaya ya ajiye CPAP ya rufe bakin ƙararrawa ne kawai, hawan jini da wahalar zuciya suna nan suna ci gaba, kuma wannan ne ya sa na ce Alhaji ya dakata.

Modafinil yana da izini a Amurka don irin wannan saura tun 2004, amma hukumar magunguna ta Turai ta taƙaita shi ga masu nakolefsi kawai bayan ta sake auna amfaninsa da illarsa. Yana iya ɗaga hawan jini, ya kawo ciwon kai da fargaba, kuma a wasu mutane ƙalilan yana haddasa mummunan ƙurji mai saɓule fata. A wurinki akwai ƙarin dalili na musamman: yana rage ƙarfin ƙwayar tsarin iyali da kike sha, har ciki ya iya shiga ba a shirya ba, shi kuma maganin ana gudunsa ga mai ciki saboda haɗarin nakasa ga jariri. Akwai sababbi, solriamfetol da aka amince da shi a Amurka a 2019, wanda shi ma yake bukatar a riƙa auna hawan jini, da pitolisant da Turai ta amince da shi don wannan matsala a 2021, wanda shi ma yana iya taɓa ƙarfin ƙwayar tsarin iyali. Babu ɗaya daga cikinsu da ya kamata a saya a kemis ko a karɓa daga hannun ɗan'uwa da ya dawo daga waje ba tare da likitan da ya san zuciyarki da sauran magungunanki ba.

Saboda haka amsata a yanzu ita ce kada ki sha. Ki koma wurin likitanki da katin na'urar, da kwalayen duk abin da kike sha har da na gargajiya, ki gaya masa maganar ƙafafun da ta jinin al'ada da bakinki kamar yadda kika rubuto mini, ki nemi feritin da tayirod da sukari, kuma idan ya ga da bukata ya tura ki asibitin koyarwa na Korle Bu. Maganin ƙarfe yakan ɗauki kimanin wata uku kafin ajiyar jiki ta farfaɗo, don haka kada ki yanke hukunci a makon farko. Kafin nan, idan kina da hutun rabin awa a makaranta, gajeren barci na minti 15 zuwa 20 a zaune, kanki a jingine, zai rage miki nauyin yamma. Idan sakamakon ya fito ki rubuto mana adadin feritin ɗin da makinki na Epworth, sai mu ɗora daga nan.